Matsalar muhalli ba ta san zangon karatu ya ƙare ba

A ɗauki ɗalibai huɗu daga sassa daban-daban na jami'a, a ce musu ga wata magudanar ruwa da ke toshewa da leda duk lokacin ruwan sama, su nemo mafita. Ɗalibin injiniya zai auna gangaren ƙasa ya zana magudana mai faɗi. Mai karanta tattalin arziki zai tambayi wanda zai biya kuɗin yashe ta bayan shekara uku. Mai nazarin zamantakewa kuwa za ta ce a je a ji ta bakin masu zuba sharar, kuma mai yiwuwa a can ne za a gano cewa motar kwasar shara ba ta iya shiga lungun. Na huɗun, mai karatun lauya, shi zai tuna musu cewa akwai hukumar da doka ta ɗora wa aikin. Kowa da ɓangaren da ya gani, sai sun zauna tare hoton yake cika.

Wannan salon koyarwa, na haɗa ɗalibai su nemo mafita ga matsala ta zahiri, ya daɗe. Tun 1969 tsangayar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada ta fara ɗora karatu a kan matsalar mara lafiya maimakon jerin laccoci. Jami'ar Aalborg a Denmark, wadda aka buɗe a 1974, ta gina tsarinta a kan aikin rukuni, har kusan rabin zangon karatu yana tafiya a kai. Jami'ar Tecnológico de Monterrey a Meksiko ta sauya manhajarta a 2019 zuwa tsarin Tec21, inda ƙalubale na zahiri ya zama ginshiƙin darasi. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, sai jami'o'i suka samu taskar matsalolin da za su riƙa bai wa ɗalibansu: ruwa, makamashi, shara, sauyin yanayi.

Ina goyon bayan tsarin ɗari bisa ɗari, kuma labarin PlayPump yana cikin dalilaina. Famfon tuƙa-tuƙa ne da aka haɗa da lilon yara mai juyawa: yara na wasa, ruwa na hawa tanki. A takarda babu abin da ya kai shi kyau, har gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin miliyoyin daloli a 2006 don kafa shi a ƙasashen Afirka. Da aka kafa, sai ya zama yara ba sa wuni suna wasa a kai, mata ne suke tura lilon da hannu, kuma idan ya lalace gyaransa sai wanda ya ƙware. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban mutanen da za su yi amfani da abin da ya ƙera, ya ji ƙorafinsu da kunnensa, da wuya ya tafka irin wannan kuskure bayan ya gama karatu.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke faruwa a makon ƙarshe. Zango wata uku ne ko huɗu. Ɗalibai su shiga cikin al'umma, su yi tambayoyi, su ɗauki hotuna, su cika takardu, sannan su gabatar da sakamako a gaban malamai, a tafa, a ba da maki. Mutanen da suka ba da lokacinsu ba su ƙara jin ɗuriyar kowa ba. Zango mai zuwa wani rukuni ya zo da tambayoyin nan dai. A karo na uku babu mai buɗe musu ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Jami'ar da ta mai da al'umma ɗakin gwaji ta koya wa ɗalibanta mummunan darasi, cewa matsalar mutane abin cin jarrabawa ce kawai. Wane irin ɗorewa ake koyarwa da aikin da shi kansa bai wuce mako goma sha biyu ba?

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar alƙawari. Sashe ya riƙe matsala ɗaya na shekaru, kowane rukuni ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, da bayanan da aka tara a ajiye. A rubuta tun farko abin da masu matsalar za su samu. A kuma ba su kujera ranar gabatarwa, ra'ayinsu ya shiga lissafin maki.

Sai batun cima-zaune, wanda duk wanda ya taɓa aikin rukuni ya san shi. Injiniyan Faransa Max Ringelmann ya nuna tun 1913 cewa idan mutane suka taru suna jan igiya, kowa yakan rage ƙarfin da yake sa wa. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole malami ya san hannun da ya ɗauka da wanda ya raɓa kawai. A Aalborg ɗalibai suna kare aikin tare, ana yi wa kowa tambaya, kowa da makinsa. Hakan na cin lokacin malami sosai, kuma jami'ar da ke son tsarin dole ta lissafa wannan lokacin a cikin nauyin aikinsa.

Masu cewa a fara ba ɗalibi tushen ilimi kafin a jefa shi fage suna da hujja. Wanda bai iya lissafin gudun ruwa ba, ba zai gyara magudana da kyakkyawar niyya ba. Lacca tana nan da amfaninta, kuma ɗalibin da ya dawo daga bakin magudanar da tambaya a ransa ya fi kowa kasa kunne idan aka zo babin.