Alƙaluman gwamnati da ma'aunin olonka

A kasuwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, in ka ce wa mai sayar da hatsi hauhawar farashi ta sauko, kallon da za ta yi maka kaɗai ya ishe ka amsa. Na taɓa gwadawa. Cewa ta yi: "Malam, a ina ta sauko? Tambayi kuɗin olonkar gero tukuna." Olonka gwangwani ne da ake auna hatsi da shi. Hajiyar ba ta yi ƙarya ba, Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ma ba ta yi ba.

A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a 2025 kuma ta sauko ƙasa da kashi 10. Ma'anarsa farashi ya rage gudu. Yawancin kayan da suka tashi a wancan lokaci suna nan inda suka tashi, ƙarin da ake yi musu ne ya ragu. Wannan bayani ba ya cin minti ɗaya, amma wa ke yin sa da Hausa ko Dagbanli ko harshen Ga? Hukumar na fitar da rahoton kowane wata da Turanci, 'yan jarida su tsinci lamba ɗaya, sai 'yan jam'iyyun NDC da NPP su kwana a rediyo suna kai ruwa rana. Mai mulki ya yaba, ɗan adawa ya ƙaryata, in kujera ta juya su yi musayar waƙa. Mai sauraro a unguwar Mamobi sai ya ɗauka lambar ma 'yar jam'iyya ce.

Haka aka yi a 2010, lokacin da aka sabunta hanyar lissafin arzikin ƙasa, aka wayi gari ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari, Ghana ta shiga sahun ƙasashe masu matsakaicin samu. Aikin daidai ne, domin tsohon lissafin yana dogara ne da shekarar 1993, zamanin da wayar salula ba ta shiga aljihun kowa ba. Amma direban trotro, wato motar haya, da bai ga ƙarin ko sidi ɗaya ba, me kake so ya ce?

Mu ma 'yan zango muna da namu laifin, kuma yana da tushe. Korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busia ta bar tabo: har yau akwai dattijon da in baƙo ya shigo da takarda yana tambayar asali da yawan mutanen gida, sai ya rage lissafi. A ƙidayar 2021, wadda aka fara yin ta da na'urar hannu, an samu mutum miliyan 30.8, Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari. Da yawa a zango sun ce mun fi haka. Wataƙila. To amma wanda ya ɓoye 'yan haya biyar ranar ƙidaya ba shi da bakin ƙorafi in aka zo rabon ajujuwa da famfo da asibiti, domin da waɗannan lambobi ake tsara su.

Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shugaban hukumar ƙididdiga, shi ya sa zargi ba ya ƙarewa. Hukumar da ta iya fitar da 54.1 a gaban gwamnatin da abin ya kunyata ta cancanci a ba ta ɗan uzuri, a ganina. Abin da ya rage mata shi ne ta sauko kasuwa. Ta faɗi yadda take tattara farashi, a waɗanne kasuwanni, da waɗanne kaya. Ta fitar da alƙaluman gundumar Ayawaso ta Gabas a Accra da na Asokore Mampong a Kumasi ta yadda ɗan majalisar gunduma zai iya karantawa a taron unguwa. Kafin ƙidaya mai zuwa kuma ta zauna da sarakunan zango da limamai tun da wuri, ta ɗauki matasan unguwa aikin, domin tsohuwar da ta ƙi buɗe wa baƙo ƙofa za ta buɗe wa ɗan maƙwabciyarta.