Ciwon damuwa ba ƙarancin tawakkali ba ne

Na karanta wani labari da ya ce ciwon damuwa ya zama ruwan dare a duniya, kuma gaskiya ne: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi. Abin da ke ci mini rai, an tsallake cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani. Kai ɗan'uwa mai cewa ciwon damuwa ƙarancin tawakkali ne, wanda ya kwashe makonni barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, ko wanka ya gagare shi, ba shi ya ɗora wa kansa ba. Mai hawan jini muna kai shi asibiti, me ya hana mu kai wannan?