Bijimin Kara da saƙon uwargida

Mutum ya fi ɗari a Kara ranar da bijimin nan ya tsinke igiya, amma ni ya zaɓa. Ya sunkuyar da kai ya nufo ni kamar yana bin ubana bashi. Ban san sa'ad da na haye katanga ba, da tumbina da babbar riga. Har gobe ina jin warin kashin shanu, ina ganin kumfar bakinsa, ina jin wani dattijo na cewa, "Bawan Allah, sheƙa!"

Na isa Mabera da takalmi wari ɗaya. Uwargida ta ce, "Malam, mi yas same ka? Ina saƙona?" Abu uku ta lissafa mini da safe. Ko ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ƙanenta mai karatun likita ne ya shigar mini. Ya ce in tsoro ya kama mutum, jiki kan saki wasu sinadarai, adrenalin da kotisol. Sai wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa, amigdala, ya matsa wa hifokamfus, mai ajiyar abin da ya faru, ya riƙe wannan gam. Abin da ya firgita ka ya zauna daram, na gefe ya zube. Kotisol in ya yi yawa kuma har wanda ka riga ka sani yakan hana ka tunowa. Na ce Allah ya yi wa karatunsa albarka.

Na yi gaggawar sa albarkar. Da dare ina ba da labari a majalisa, na ce ƙahon kamu biyu ne cur. Maƙwabcina da aka yi abin a gabansa ya ce gudale ne, kuma kowa ya san ƙahon gudale gajere ne. Ƙanen uwargidan nan sai ya koma bayansa! Wai da kumbon Challenger ya tarwatse a Amurka a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai suka rubuta washegari yadda labarin ya riske su. Bayan kusan shekara uku da yawa suka ba da labari daban, kuma babu ko shakka a ransu. Ni dai kamu biyu na gani.

Ashe uwargida duk ta naɗe bayanin. Yanzu in za ta aike ni sai ta lallaɓo ta bayana, ta kwaɗa murfin tukunya, sannan ta ce, "Daddawa, manja, albasa!"