Waken da Baba Maigadi Ya Miƙar

Da aka sanar da mu cewa masu duba makarantu za su zo daga Birnin Kebbi, sai na ɗaura aniyar nuna musu cewa a Argungu ma ana koyar da ilimin halittu da gwaji. Na shuka wake a gwangwanin madara, na rufe shi da kwalin taliya da na huda a gefe guda, na ajiye shi bayan ofishin malamai. Abin da ake jira sananne ne: sinadarin oksin da kan tsiro yake samarwa yakan taru a ɓangaren da ke cikin inuwa, ƙwayoyin halittar wannan ɓangaren su fi na ɗayan tsawo, sai karan ya lanƙwasa zuwa haske.

Ranar da suka zo na sa babbar riga, na yi bayanin yadda Charles Darwin da ɗansa Francis suka wallafa a 1880 cewa idan aka rufe kan ɗan tsiron ciyawa ba ya bin haske, da yadda Frits Went na ƙasar Holan ya tatso sinadarin daga kan tsiro a shekarun 1920. Har na buga ƙirji na ce duk wanda ya ga waken nan a miƙe ya zo ya karɓi allina.

Na ɗaga kwalin a hankali domin kowa ya gani. Waken yana tsaye ƙyam kamar soja a fareti, an kafa masa tsinken tsintsiya, an ɗaure shi da zaren buhu a wuri biyu, ɗauri mai kyau na wanda ya san aikinsa. Aji ya yi tsit. Hajiyar da ke jagorantar baƙin ta cire tabarau ta ce, "Malam, ina lanƙwasar?" Ina cikin neman amsa ashe hannuna ya soma karkata gwangwanin wajen taga, sai wata ɗaliba a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Malam, ai kai ne kake karkata shi."

Aka kira Baba maigadi, ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, wanga wake kullum sai in tarar ya duƙa wajen rami, tausayi ya kama ni. In na juya gwangwanin, gobe ya sake duƙawa, shi ya sa na ɗaure shi." Hajiya ta ce ai wannan dattijo ya tabbatar da darasin fiye da kowa, ta rubuta wani abu a littafinta, kuma na tabbata ba sunana ta rubuta ba.

Ban riƙe Baba a zuci ba. Wanda na riƙe shi ne malamin lissafi, mutumin da ba ajinsa ba ne, ba a gayyace shi ba, amma ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya har hularsa ta faɗi. Tun daga ranar, duk lokacin da na shiga ofis sai ya karkata jikinsa wajen taga ya ce oksin ya taru masa a kafaɗa, alhali zubin adashen watan jiya yana wuyansa har yanzu.

Na sake kwantar da wani gwangwani na masara a kan gefensa, domin ɗalibai su ga saiwa ta nufi ƙasa, kara kuma ya nufi sama. Da safe na tarar Baba ya tayar da shi zaune, har ya ƙara masa taki.