Kanet: daraja ta bi gona da takarda

A ƙauyukan tsaunukan jihar Himachal Pradesh da ke arewacin Indiya, daga Kullu zuwa Shimla da Sirmaur, da wuya a yau manomi ya ce maka shi Kanet ne, wato ɗan wani rukunin manoma na gado a tsarin matsayin al'ummar yankin. Rajput ko Thakur zai ce, sunayen rukunin mayaƙa da masu sarauta. Alhali kakannin da yawansu da sunan Kanet Turawan mulkin mallaka suka rubuta su.

Denzil Ibbetson, wanda ya jagoranci ƙidayar Punjab ta 1881, ya sa su cikin manoma masu ƙaramin matsayi, ya ce suna da'awar su Rajput ne da darajarsu ta zube. Alexander Cunningham, Baturen masanin tarihi, kuwa ya danganta su da Kuninda, tsohuwar al'ummar da ta buga tsabar kuɗinta tun kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu suka ce Khas ne, wata tsohuwar al'ummar tsaunukan Himalaya.

A ganina gardamar jini ɓata lokaci ce, domin sana'a da aure ne suka ja musu gori. Rajput ɗan gidan sarauta ba ya riƙe garma, ba ya auren matar mamaci. Kanet kuwa da hannunsa yake nome 'yar gonarsa mai hawa-hawa a gefen dutse, idan wansa ya rasu ya auri matar, a wasu wuraren ma 'yan'uwa maza kan tarayya a mace ɗaya don kada gādo ya daddatsa gonar. Dabarar rayuwa a kan dutse ce masu mulki suka mayar abin kunya. Da suka samu boko da bakin magana, sai suka matsa a rubuta su Rajput, kuma sunan ya zauna.

Yanzu riba ta koma wani gefen. Tsarin mulkin Indiya ya ware wa ƙabilun da aka bari a baya guraben karatu da aiki, don haka al'ummar Hatti da ke ƙetaren kogin Giri a Sirmaur, waɗanda Kanet ke cikin manyansu, suka nemi a lissafa su ƙabila. Majalisar dokokin Indiya ta amince a 2023.

Ban ga laifinsu ba, yankin na fama da talauci. Sai dai akwai Koli, wani rukuni na ƙasan matsayi, da sauran waɗanda ake ƙyama, da suka daɗe suna yi wa masu gonakin nan aiki. Idan mai gona da ɗan ƙwadagonsa suka shiga rukuni ɗaya, wa dokar hana cin zarafin ƙabilu da waɗanda ake ƙyama za ta kare daga wa? Waɗannan da ake ƙyama da Gujjar, wata al'ummar makiyaya, suka garzaya kotu, kuma a Janairun 2024 babbar kotun jihar ta dakatar da aiwatar da matakin.