Bons ɗin da ya ci mini zabi shida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi fiffike a ƙauyenmu, har da bons mai ƙwai da wata baiwar Allah take sayarwa a ƙofar firamare. Ranar da yara suka dawo suka ce ya koma naira 300 ina tsaka da tankaɗe. Na ajiye rariya na hau lissafi. Yara uku, kwana biyar a mako, naira 4,500 ke nan. Na ce wallahi da sake. Mene ne abin wahala a bons? Dafaffen ƙwai ne aka naɗe da kwaɓin fulawa. Ni da na yi sakandare a birni, har na taɓa riƙe wa malamar girki kwano tana kwaɓa kek?

Ƙanwata da ke aure a cikin Kano ta nuna mini wani bidiyo a Facebook na yadda ake gasa shi ba sai an soya ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, don kuɗin kwalbar man gyaɗa kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini. Sai dai a gidanmu ba a samun sabis sai a gindin darbejiyar bayan rumbu, nan ma sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ina tsaye sauro na cizo, matar da ke cikin bidiyon ta zuba fulawa, ta zuba sukari, ta murje bota, ta ɗauko wani ɗan gwangwani ta ce, "Sai ki zuba bekin foda kamar..." Data ta ƙare.

Ranar Juma'a Malam, maigidanmu, zai ci kasuwar Wudil, na rubuta masa sautu a takarda. Da la'asar ya dawo da fulawa rabin kwano, sukari, bota, madarar gari ƙulli biyu da ƙwai huɗu.

"Malam, ina bekin fodar?"

"To, na je wajen mai kayan kwalliya, ya ce hoda iri uku gare shi, da fara, da ja, da ta jarirai. Na rasa wacce kike nufi, na ce gara in dawo in tambaya."

Yaya, uwargidanmu, tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Amarya, ki bari kasuwa ta zagayo mana." Da na ji maganarta da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma na riga na yi wa yara alkawari, na kuma riga na cika baki a gidan suna. Na ce a raina, bekin foda ai kanwar Turawa ce. Washegari da hantsi na jiƙa kanwa, na tace, na zuba da hannu sake. Daga baya ƙanwata ta fahimtar da ni cewa bekin foda abu biyu ne a haɗe, da mai kama da kanwar da kuma mai tsami, haɗuwarsu da ruwa ce take fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Ni rabin maganin na zuba, shi ma ninkin ba ninkin. Nan take kwaɓin ya koma rawaya kamar an barbaɗa kurkum. Yaya ta leƙo. Na ce mata gwaiduwa ce.

Ƙwai biyu sun tafi a kwaɓi, saura biyu, ni kuwa bons takwas nake so. Na kira yaron nan, babban, na ce ya duba akurki ko kazata ta yi ƙwai. Jim kaɗan ya dawo da ƙwan zabi shida a cikin hularsa, da ɗuminsu. Damina ce, lokacin da zabi ke zuba ƙwai ko'ina, ban kawo komai a raina ba. Ɗumin ma na ce alamar yanzu aka saka su. Kowanne da ɗan baƙin zane a jikinsa. Na ce kaji ba su da tsafta, na sa soso na wanke tas, na dafa. Wanda ya taɓa ɓare ƙwan zabo ya san ɓawonsa sai da dutse, amma na ɓare su ina ta yabon arzikina.

Sai murhun gashi. Na ɗauko tsohuwar tukunyar da ake dafa tuwon biki, na zuba yashi a gindinta, na ɗora a wuta. Yashin nan ruwan daren jiya ya jiƙa shi, itacen ma ɗanye, gida ya turnuƙe da hayaƙi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Na shafe gwangwanayen madara da bota, na jera bons a ciki, na rufe. Bayan kusan awa guda Yaya ta yi gyaran murya ta ce, kamar da zogale take magana, "Masu kek dai na ga suna zuba garwashi a kan murfi." Na ce ai yanzu nake shirin zubawa.

Da na buɗe, ƙasansu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, samansu ruwan ɗorawa, kuma ko ƙwayar gero ba su ƙara ba a kan yadda na sa su. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi a turmi, ƙarar da ya yi sai da akuya ta zabura. Auta ta gatsa, ta dube ni ido ya ciko da ƙwalla ta ce, "Umma, sabulu kika sa?" Yaron nan kuwa dabara ya yi, ya fasa nasa da muciya, ya cinye ƙwan ya bar mini ɓawon.

Malam mutum ne mai kara. Ya daɗe yana tauna, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya kora da ruwa kofi biyu, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Yana da nauyi. Mutum ya ci ɗaya zai yi noman huɗa har azahar." Bai nemi na biyu ba.

Ana cikin haka muka ji salati daga sashen Inna, mahaifiyar Malam. Ta fito da sandarta, kazarta mai kwanci na biye da ita tana kyarkyara kamar mai kai ƙara.

"Wane ne ya taɓa mini ƙwan zabi? Shida na sa wa kazar nan shekaranjiya, da hannuna na yi musu shaida da gawayi!"

Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa ake ba kaza riƙon ƙwanta ta kwanta a kai kusan mako huɗu. Kowa a ƙauye ya san wannan. Ni ma na sani. Shaidar gawayin ce dai na wanke da soso.

Na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, kuskure aka samu. Gobe zan saya muku wasu shida."

"Wasu me? Ƙwai? 'Yar nan, ni ba ƙwai na ajiye ba, zabi na ajiye. Shida. Biyu na yankan Sallah, ɗaya na malamin allo, uku na iri." Ta ɗauki bons ɗaya ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da zobenta. "A cikin wannan kika binne su?"

Yaya ta tashi da sauri wai za ta duba tukunya, alhali ba girkinta ba ne. Ina jiyo dariyarta daga madafi.

Malam ya yi sulhu a kan zan biya zabi shida 'yan matasa bayan kaka, daga kuɗin adashina. Na sake hawa lissafi a daren nan: fulawa, sukari, bota, madara, itacen kwana uku, data, ga zabi shida. Ban kai ƙarshe ba na hure fitila.

Ranar Litinin da safe na ƙirga naira 900 na ba yara ba tare da na ce uffan ba. Da aka tashi makaranta Auta ta shigo da ɗan ƙullin leda, farin gari a ciki.

"Umma, mai bons ta ce a gaishe ki da aiki. Wai ga shi, ƙaramin cokali biyu ake sawa, kuma wai ƙwan na kasuwa ake saya."