Firji a ƙauyen da babu wuta

Makon jiya hotuna suka cika Facebook, wai an yi bikin ƙarfafa mutanen karkara. An kafa rumfuna a cikin garin Sakkwato, an jera babura da kekunan ɗinki da firji, an kwaso mata da samari daga ƙauyuka suka yini a rana suna jiran mai girma ya iso. Firji fa jama'a! Ga mutumin da ƙauyensu ko turken wuta ɗaya ba a taɓa kafawa ba. Kowa ya san inda kayan nan za su kwana, tun kafin la'asar masu saye na tsaye bakin ƙofa, a sallama a rabin kuɗi a auni gero a koma gida. Kuma wallahi ban ga laifin wanda ya sayar ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda aka ɗauki baƙauye kamar wanda bai da sana'a, sai an zo daga birni an koya masa neman kuɗi. Ku je fadamar Wurno ko Goronyo ko Kware da rani ku gani. Albasar da ake lodawa a tireloli zuwa Legas da Onica da Fatakwal har Gana, hannun wa ta fito? A 2021 da 'yan albasa suka tsayar da kai kaya kudu ai ƙasar nan ta ji a jikinta. Mutanen nan suna samar da dukiya, matsalar dai dukiyar ba ta kwana a ƙauye.

Ga yadda abin yake. Manomi ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, man da tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Wajen Maris da Afrilu kowa ya cire albasa lokaci guda, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi ƙasa, mai bashi na tsaye a ƙofar gida. Ko ya yi niyyar ajiyewa a rudu, zafin Sakkwato da damshin damina sai su cinye masa wani kaso mai yawa kafin kaya su yi daraja. To dole ya sayar. Mai jari ya saye ya ajiye, ƙarshen shekara buhun nan ya ninka ya sake ninkawa, ribar ta tafi ta zama bene a birni. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yanzu dan Allah keken ɗinki zai warware wannan?

Haka fatar jar akuyarmu, wadda tun zamanin fatake ake ketare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Har yau yawanci ɗanya take barin hannun makiyayi a arha, mu kuma mu sayi takalmi da tsada.

Na san za a ce ai gara rabon da babu, wannan maganar wanda ya samu kwangilar sayo kayan ce. Su kuma masu wa'azin a jira manyan masu zuba jari daga waje, su fara gaya mana wane mai kuɗi ne zai kai jarinsa inda ake biyan 'yan bindiga haraji kafin a shiga gona.

Nan ne ma babbar maganar take. Mutumin Isa da Sabon Birni da Rabah ba babur yake nema ba, so yake ya je kasuwa ya dawo da ransa. Ba mu manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba. Kasuwar mako ita ce bankin ƙauye, ita ce ma'aikatarsa, ranar da ta mutu mai waina da mai kura da maƙeri da ɗan kamasho duk sun mutu tare da ita. Illela ta ɗanɗana irin wannan lokacin da aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ga dam ɗin Goronyo tun 1984 yana zaune da ruwa, samarin da ya kamata su ci moriyarsa suna Abuja da Legas suna kabu-kabu da yankan farce.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna. Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Ciyaman nawa ne ke kwana a hedikwatarsa? Kansila nawa ya san nawa ake sayar da buhun albasa a mazaɓarsa?

Kuɗin rumfa da maroƙa da firji na rana ɗaya, a kai su a gina ma'ajiyar albasa mai shan iska a bakin fadama, a ba manoma rancen da zai bari su riƙe kayansu wata huɗu ko biyar, a zuba tsakuwa a hanyoyin da mota ke maƙalewa da damina, a tsare kasuwanni ranar ci. Sai dai ba a yanka kirtani a gaban kyamara don an zuba wa hanyar ƙauye tsakuwa, shi ya sa nake zargin baɗi ma firjin za a sake rabawa.